Mai Duba Mudu

A hawa na huɗu, a Middlesbrough,
inda taga ke kallon masana'antun da suka daina hayaƙi,
aikina ba auna yara ba ne.
Wasu sun auna, sun rubuta, sun sa hannu.
Ni mudun nake dubawa.

Kakata Gambo, a kasuwar Giwa,
ba ta sayen dawa sai ta kifar da mudu
ta shafa gindinsa da babban yatsa.
In ta ji an buga shi ya lotsa,
sai ta miƙa wa mai shi, ko uffan,
ta ja buhunta gaba.

Rahoton ya iso ran Talata, shafi sittin da biyu,
bango mai sheƙi, yara na dariya a hoto.
Shirin karatu da karin kumallo
a unguwar da ko bas ba ya son daɗewa.
Tamanin da shida cikin ɗari sun ci gaba, in ji shi.
Mista Pennock ya leƙo da kofinsa:
"Duba waƙafi da aya kawai,
masu kuɗi Juma'a suke jira."

Na kifar da mudu.
Arba'in da ɗaya suka shiga a Satumba.
Ashirin da tara aka gwada a Yuni.
Sha biyu fa?
Can ƙasan shafi na hamsin,
da rubutu kamar ƙwan kwarkwata:
an cire waɗanda ba su kammala ba.

Gani ya kori ji. Na hau bas cikin yayyafi.
Makarantar na warin burodin da aka gasa da rigar yara jiƙaƙƙiya.
Malama Hargreaves ta jawo aljihun tebur,
ba ta ma duba takardar ba, a ka take riƙe da su.
Kieran, mai gida ya sayar da gidan,
sau uku suka tashi kafin hunturu ya fita.
Dilan, an mai da su wani gari da dare.
Maisie tana nan, layi biyu daga nan,
uwarta ba ta iya tashi, ita ke dafa shayi,
ranar gwaji tana asibiti a kan benci.
Ta ƙirga har sha biyu, yatsu suka ƙare, ta sake farawa.

Sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:
"In kika rubuta gaskiyar lissafi, sittin da ɗaya ne.
Sittin da ɗaya ba ya sayen madara.
Za su rufe, su kai kuɗin inda aka fi iya rubutu."

Na dawo ban ci abinci ba.
Wanda ya lotsa mudun nan ba ɓarawo ba ne,
tsoro ne ya riƙe masa guduma.
Amma in an ɓoye rami da tabarma,
yaron da ya fi kowa gajiya shi zai taka.

Daren Alhamis na rubuta lambobin biyu,
kafaɗa da kafaɗa, babu wadda ta fi girma.
Na ce shirin na aiki ga wanda ya samu zama,
a nemo waɗanda zaman ya gagara.
Na roƙi a gwada Maisie a gida.
Malamar ta ce ita ke karanta wa uwarta takardar magani,
kalmomin da ni kaina sai na tsaya.
Fom ɗin ba shi da gurbin wannan.
Na sa shi a gefe, da biro.

Mista Pennock ya karanta a tsaye.
Ya cire tabarau, ya murza ido, ya ce, "Za su yi tambayoyi."
Na ce to.
Har yau ba su amsa ba.
Bas mai lamba sha bakwai na wucewa ƙarƙashin tagata,
ina ƙirga ƙananan kawunan da ke ciki.